Yaya a Bakin Ƙofar Taro

Ma'aikata na ta jera kujeru sahu-sahu sa'ad da Auta ta shigo zauren riƙe da hannun yayanta. Ta gyara masa wuyan riga, ta raka shi har gindin dandamali.

"Hau ka gwada, Yaya. Kamar yadda ka saba."

Su biyu suka kafa kamfanin. A wani ɗan ɗaki bayan shagon mai buga katin gayyata suka fara fitar da mujallar 'yan kasuwa, shi yana yawon neman labari da talla, ita tana gyaran rubutu a kan teburin da aka tokare ƙafarsa da bulo. Sannu ba ta hana zuwa. Mujalla ta haifi ƙananan tarurruka, tarurruka suka haifi baje koli, har kamfanin ya koma wani dogon bene, babban taronsa na shekara kuwa sai mai katin shiga. Tun ranar farko Yaya ne ke buɗe taron da jawabi, ba takarda a hannu. Abokansa kan ce ko dutse ya zauna da shi sai ya sayi talla.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Da fari sunayen ma'aikata ne suka riƙa kuɓuce masa, daga baya hanyar gida. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, sai dai lallaɓawa.

Ɗansa, wanda yanzu shi ne manajan kamfanin, ya tare ta a ofis makon jiya.

"Gwaggo, bana masu son zuba jari za su zo. Idan Baba ya rikice a gabansu fa? Wallahi ba kamfanin kaɗai nake ji ba, mutuncinsa nake ji."

"Da wane bakin zan ce masa ya zauna a gida?" in ji ta. "Ni dai ba ni da shi. In kana da shi, bisimilla."

Bai iya ba shi ma. Suka tsaya a kan za ta kawo shi da safe ya gwada kafin baƙi su iso, abin da ido ya gani shi za a yi.

Yaya ya hau dandamali ba tare da ya nemi hannun kowa ba. Ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, barkanmu da ganin juna. An ce kasuwa a kai miki dole. To mu yau da yardarmu muka zo."

Muryar nan ce dai, mai cika ɗaki. Masu jera kujeru suka dakata suna murmushi. Zuciyar Auta ta yi fari, har ta waiwaya tana neman idon manaja a bayan zaure don ta ce masa ka gani ko. Sai ta ji shiru.

Yaya ya juya baya yana kallon ƙaton allon da sunan kamfanin ke haske a kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye makirufon a hankali kamar kayan aro, ya sauko da sanɗa, ya ja ta gefe.

"Auta, taron su wane ne wannan?"

"Namu ne, Yaya."

Ya yi dariya. "Ke dai ba kya rabuwa da zolaya. Mu da ko kujerar baƙo ba mu da ita?" Ya ɗaga kai yana duban fitilu. "Amma masu shi sun iya aiki. Wata rana, in Allah ya yarda, mu ma za mu yi irinsa. Ki ce na faɗa miki."

Manaja ya juya fuskarsa ga bango.

Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ta tuna masa da benen, da ma'aikatan, da ofishinsa mai kallon gari. Amma ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, irin ƙyallin da ta yi shekara ba ta gani ba. Sai ta fasa.

"Kin zo da mujallu?" ya tambaya da raɗa. "Irin wannan wuri ai nan ciniki yake. Mu tsaya a ƙofa kafin masu gadi su kore mu."

Ta je teburin da aka jibge sabuwar fitowa, ta ɗebo masa cikin hannu.

Baƙi suka fara shigowa, suka tarar da shi tsaye a bakin ƙofa yana miƙa wa kowa mujalla da hannu biyu. Waɗanda suka san shi suka riƙa rusunawa. "Ranka ya daɗe, kai da kanka?" Wasu suka ɗauka sabon salon karrama baƙi ne, har da ɗaukar hoto. Wani tsohon abokin cinikinsa ya riƙe hannunsa ya kira shi da sunan wasa na da, ya ga bai amsa ba, ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai. Mutumin ya karɓi mujallar ya wuce ciki.

"Mutanen nan akwai ladabi," in ji Yaya.

Aka rufe ƙofa, taro ya fara. Daga waje suna jiyo muryar manaja sama-sama. Can sai zauren ya ɗauki tafi, tafi mai tsawo, har da ƙarar kujeru, alamar mutane sun miƙe tsaye.

Yaya ya kasa kunne. "Wa ake yi wa wannan tafi haka?"

"Wanda ya kafa kamfanin."

"Allah sarki. Yana raye?"

Ta dube shi. "Yana nan."

"To ki san dabarar da za ki yi mu gana da shi. Irin wannan mutum ai da bangon mujalla ya dace."

"Zan gwada, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya gamsu. Wata mata da ta makara ta taho da sauri tana laluben katinta a jaka. Ya share bangon mujallar da hannun rigarsa, ya tare ta da fara'a.