Ƙafar Hagun Maikuɗi

"Ba nan ba," in ji Maikuɗi. "Gaba za ku kai ni."

Ɗayyabu tela na tallafe da shi ta hammata, Munir ɗan tsohon na riƙe da ƙafafu, sun nufi kujerar baya ta motar Munir. Sai Maikuɗi ya miƙa hannun dama, wanda shi kaɗai ke jin maganarsa yanzu, ya cafke ƙofar direba.

"Baba, Magarya fa za mu, asibiti, gun lokotoro," in ji Munir.

"Ni za ka gaya wa Magarya? Na san hanyar nan tun uwarka na tallar gyaɗa."

Barira, uwar da ake magana, tana tsaye bakin zaure da buta da naɗaɗɗiyar tabarma. Ta kawar da kai, ba a san ko dariya take ɓoyewa ko kuka ba.

Shekara talatin da biyu Maikuɗi ya yi yana jan Fijo tsakanin Dungas, Magarya da Damagaram, kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Shekara biyu ke nan, kullum hantsi ake fito da shi rumfar Ɗayyabu, don katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Ɗayyabu na taka keken ɗinki, shi kuwa ido a lumshe yana sauraron titi. "Giya ta uku," zai ce in mota ta wuce. Ko kuma, "Ɗan kabu-kabun nan zai ƙone kulocinsa kafin Sallah." Abin haushi, bai taɓa yin kuskure ba.

Bara da Munir ya zo da motar nan daga Damagaram, aka kai tsohon ya leƙa. Ya ga abin takawa biyu kacal, birki da totur.

"Ina na ukun?"

"Babu, Baba. Ambiriyaj biyu gare ta, amma a ciki suke. Ɗaya na riƙe da giyar da ake kai, ɗayan ya riga ya kama ta gaba yana jira. Ita ke sauya wa kanta."

"Kuloci har biyu, ba a ba direba ko ɗaya ba? Wannan ai ba tuƙi ba ne, rakiya ce."

Tun daga ranar bai ƙara kallon inda take ba.

Yanzu ga shi ya ƙanƙame ƙofarta. Ɗayyabu ya dubi ƙafar da ke reto a hannun Munir, sai abin ya faɗo masa: duk Dungas babu motar da ba ta neman ƙafar hagu sai wannan. Ya kuma ji yadda numfashin maƙwabcinsa ke fita a kan damtsensa, gajere, da ɗan ƙara. Ya taɓa jin irinsa wajen nasa mahaifin, gab da rasuwarsa. In ba yau ba, babu wata rana.

"Munir, ba shi."

"Kawu, in wani abu ya faru fa?"

"Zauna kusa da shi, hannunka jikin sitiyari. Alhakin na wuyana."

Suka zaunar da shi. Munir ya ɗaga matacciyar ƙafar da hannu biyu ya aje ta can gefe, a kan yashin da takalma suka kwaso. Ɗayyabu da Barira suka shiga baya.

Motar ta tashi a hankali, ta bi ta bayan kasuwa, ta bar gidajen ƙarshe. An yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi. Gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, yana rausaya, har Ɗayyabu ya ga kamar su ne a tsaye gonakin ke tafiya. Wata amalanke ta ratse musu. Mai ita ya ɗaga hannu, ya kuma bar shi a sama, baki buɗe, yana kallon wanda ke tuƙi.

"Ta biyu," in ji Maikuɗi a hankali. Can kuma, "Ta uku. Kai, ba ta makara ba."

Ƙeyarsa ta miƙe. Ɗayyabu ya daɗe bai ga wannan ƙeyar ba, ta mutumin da ya kawo masa amaryarsa daga Dogo-Dogo a ranar da yashi ya riƙe kowace mota.

"Tela."

"Na'am, Direba."

"A Fijo, in ka taka kuloci, akwai wani ɗan shiru. Ka saki waccan giya, ba ka kama wannan ba, mota na tafiya ba abin da ke riƙe da ita. Shekara talatin ina jin tsoron wurin nan, ban gaya wa kowa ba." Ya numfasa. "Ita wannan ba ta da shi. Kafin a sake ta an kama ta. Allah Ya sa haka ake yi wa mutum."

"Amin," in ji Ɗayyabu. Hawaye suka zubo masa, ya bar su.

Da kansa Maikuɗi ya tsayar da motar, gindin wani gawo da ya zubar da ganye kamar yadda ya saba kowace damina. "Karɓi abarka," ya ce wa Munir. "Ba laifi."

Suka mai da shi baya, ya jingina kai a kafaɗar Ɗayyabu. Barira na maimaita masa kalmar shahada, leɓunansa na bi. Ba su kai gidajen farko na Magarya ba Ɗayyabu ya ji kan ya yi nauyi. Munir ya juya motar. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Washegari da hantsi Ɗayyabu ya kasa taka keke. Ya fito ya tarar da Munir ya buɗe ƙofar direba, tsintsiya a hannu, ya tsaya cik.

"Kawu, zo ka gani. Ni fa a can gefe na aje ta."

Ɗayyabu ya sunkuya. Daga inda aka aje ƙafar, dunduniyar takalmi ta ja layi a cikin yashin, tsawon taƙi guda, ya tsaya daidai gurbin kuloci, inda babu abin takawa.

Ya karɓi tsintsiyar daga hannun Munir, ya tura ƙofar a hankali.