Motar Cikin Kabad

Ranar da na ɗora zarto a kan kabad ɗin aurena, Gwaggo Kulsumu, ƙanwar babana, ta saki salati har kajin gidan suka watse.

"La'ilaha illallahu! Balaraba, mi nika gani haka? Kabad ɗin da ubanki ya sai da gero ya sai miki? Ko kunyar kwanukan ga da kika zube a ƙasa ba ki ji?"

Na ce, "Gwaggo, kwanukan ga ba su taɓa yi min magana ba balle in ji kunyarsu."

Na san abin da nake yi ba ƙarami ba ne. A wajenmu kabad shi ne fuskar mace. Duk wadda ta shigo ɗakinki shi za ta fara kallo kafin ta amsa gaisuwa, ta ga jerenki, ta san gidan da kika fito. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na danne katakon da gwiwa na ci gaba da yanka, zarton aro yana zillewa yana cin inda ban sa shi ba.

Maigidana direba ne. 'Yan tashar Kaura suna kiransa Ɗanasabe, ni kuwa bakina bai saba ba, Direba nake ce masa. Hanyar Shinkafi yake bi, ran kasuwa ya zarce Jangeru. In ya dawo, tun daga kwanar masallaci yake danna ham, gajere-gajere sannan dogo, ni kuma da na ji sai in ɗora masa ruwan wanka. Da damina taya ta fashe masa a kan wata gada, motar ta wuntsila. Fasinjoji Allah ya tsare su, shi kuwa bayansa ya taɓu, ƙafafunsa duka suka daina motsi.

Tun da aka dawo da shi daga asibiti ya juya fuska bango. Abokansa su yi sallama a zaure, ya ce in ce yana barci. Hannuwansa lafiya lau, zai iya jan jiki ya fito tsakar gida, amma ya rantse ba mai ganinsa yana jan gindi. Tuwo ma sai na yi kamar zan yi kuka yake cin loma kaɗan. Rannan ina goge masa baya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da an gama kaka Yaya Gado na zuwa daga Zurmi shi kwashe ni. Ke kuma in sallame ki, ki koma Kurya wurin iyayenki. Ba ni riƙe ki ki tsufa kina juya gungume."

Na ce, "Sai dai ka sallami bangon da kake kallo, shi ka aura yanzu."

Ya ja bargo ya rufe kansa. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, kuma wallahi rabinsa haushi ne. Gero ya riga ya fara nuna a gona.

Abin da ya ba ni dabara, wata rana yana barcin azahar na ga hannuwansa sun ɗaga suna juya iska, hagu, dama, har da sauya giya. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo. Ashe mutumin nan bai sauka daga mota ba.

A shekarar ne aka fara shari'a a jiharmu. Ni ma na yi murna, na yi guɗa, da aka rufe gidajen giya da na caca na ce Allah raka taki gona. Amma guguwar ta haɗa da shagon wasan gem na talabijin na Misbahu da ke kusa da tashar jirgi, don samari sun mai da wasan abin zuba kuɗi. Misbahu ɗan Gwaggo Kulsumu ne, taubashina, ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Na taɓa ganin hoton wani akwati a kalandar da ya kawo mana, mutum zaune gaban talabijin riƙe da sitiyari yana tuƙa motar da ke ciki. Irinsa na ƙudura zan ƙera wa Direba, sai na aika Misbahu ya zo.

Da ya ji bayanina ya kwashe da dariya. "Ke? Ke da ko rediyo juya mishi batir kike yi?"

"Kai da ka iya, ina shagon naka?"

Ya sosa ƙeya. Washegari sai ga shi da buhun kayan miya, a ƙarƙashin kuɓewa ya ɓoye wata 'yar na'ura da kaset ɗin tseren mota da abin dannawa wanda gefensa ya riga ya cinye. Muka yi da shi zan ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla. Ya kwance abin dannawar ya nuna min: duk inda waya biyu suka taɓa juna, daidai yake da an danna. Iyakar karatun da na samu ke nan. Daga baya ya je wurin bakaniken da gawar motar take, ya ciro min sitiyarin da ham ɗin da batirin.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na rage wa kabad tsawo don mai zama a ƙasa ya kai. Na fasa masa taga na zaunar da 'yar talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, ramin ya yi yawa ta faɗa ciki, sai da na tokare ta da muciya. Guduma ta ci min babban yatsa har farcen ya yi baƙi. Na huda katako na zura ƙarfen sitiyari, na ɗaure masa cokali a gindi, na kafa murfin gwangwanin madara a hagu da dama, yadda in an juya cokalin zai taɓa murfin. Karon farko na juya dama motar ta yi hagu ta daki bishiya. Na sauya wayoyin ina zagin kaina. Sitiyarin kuma ya ƙi komawa tsakiya, sai da na yanko robar tayar keke na ɗaure shi gefe da gefe.

Matan unguwa suna shigowa wai ɗinki suka kawo, idonsu na kan kabad. Na ji an ce jinya ta taɓa min kai. Ko a jikina, wai an tsikari kakkausa.

Saura totur, abin ba mota wuta. Na duba gidan kaf ban ga abin da ya yi kama da shi ba sai matakin keken ɗinkina. Na kwance shi na kafa a ƙasan kabad ɗin da yanzu ya zama akwati, na haɗa waya, na taka, motar ta zabura a guje. Daɗi ya kama ni har na yi rawa ni kaɗai.

Na jawo akwatin kan tabarma har bakin gadonsa, na haɗa batir. Na ce, "Direba, an yi lodi, kai ake jira."

Ƙarar injin ce ta sa ya waiwayo. Ya gane sitiyarinsa nan take, da jar robar da ya naɗe shi da ita. Ya miƙa hannu ya shafa, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya sauke ido ƙasa ya ga matakin keken. Ya daɗe yana kallonsa.

"Balaraba, da wace ƙafa zan taka?"

Innalillahi. Garin neman gira na rasa ido. Na auna tsawon zamansa, na auna tsawon hannunsa, amma da na zo kan totur sai na bi yadda mota take, na manta mijin da nake yi wa. Ya mai da fuskarsa bango. Ranar ko ruwa bai sha ba.

Na ja akwatin na fitar. Gwaggo ta ce, "To, kin rasa kabad, kin ƙara mishi ciwo. Sai ki haƙura haka nan."

Na ce, "Haƙuri na yi shi har ya ishe ni, Gwaggo. Miƙo min filayar can."

Na ɓalle matakin keken na jefar gefe. Na zauna ina kallon sitiyarin ina tunanin abin da hannun direba ya fi sabawa da shi, sai idona ya faɗa tsakiyarsa, wurin danna ham. Na cusa wani cokalin a ƙarƙashi na mai da wayoyin totur can. Sai dai ban iya raba shi da ham ɗin ba. Duk lokacin da aka ba motar wuta sai ya ɗauki kuka, paaam, har awakin maƙwabta su tsinke igiya. Na yi ta gwaji ina neman gyara, unguwa tana ji. Shi ma yana ji daga ɗaki.

Ba a daɗe ba, wata hantsi aka yi sallama a zaure. Malam Nasidi ne, shugaban kwamitin shari'a na unguwarmu, da samari a bayansa. Na sa mayafi na tsaya bayan ƙyaure.

Ya ce, "Malama, an kawo muna labarin an ɗauko injin caca daga shagon da aka rufe an girke shi cikin gidan ga. Za mu shigo mu gani. In hakan ne, sai mu tafi da shi."

Na ce, "Malam, ku kuka karantar da mu ba a shiga gidan mutum sai da izinin mai shi. Ko an sauya?"

"Ba a sauya ba. To ki ba mu izinin."

"Ni ba ni da shi. Gidan ga da mai shi, kuma yana da rai."

Wani cikin samarin ya ce ai kowa ya san mai gidan ba ya tashi. Malam Nasidi ya tsawata masa, ya ce za su jira.

Na shiga ɗaki na tsaya a kansa. Na ce, "Ga maza can a zaurenka suna neman maigida. Sitiyarinka za su ɗauka su ƙone. Ni na gama nawa, ba ni fita in yi musu da maza alhali ina da miji. In kuma babu maigida a gidan ga, ka faɗa min in je in gaya musu da bakina."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na zaci zagina zai yi, kuma da na ji daɗin zagin. Har na fara cire rai. Can ya ce, "Ɗauko min hulata."

Na miƙa hannu zan tallafe shi ya ture. Ya zamo daga gado da kansa, ya dafa ƙasa da tafuka, ya fara jan jiki. Ya ratsa tsakar gida da rana tsaka, ƙafafu na biye da shi, Gwaggo ta toshe baki da gefen zane. Ban taimake shi ba. Na bi bayansa ina kawar da kwano da buta daga hanya. Da ya kai zaure gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya jingina da bango, ya gyara hula, ya miƙa wa Malam Nasidi hannu.

"Malam, sannunku da zuwa. Abin da kuke tambaya kayan gidana ne, iyalina ta ƙera min. Yara, ku shiga ku ɗauko shi, na ba ku izini. Ku bi a hankali, da batir a ciki."

Suka fito da shi suka dire. Malam Nasidi ya zagaya shi, ya leƙa baya ya ga muciya da cokula da murfin gwangwani. Ya tambaya ina ake zuba kuɗi, aka ce babu. Ya tambaya mi ake ci in an yi nasara.

Direba ya ce, "Ba a cin komi, Malam. Hanya ce kawai."

Ya jawo akwatin gabansa ya kama sitiyarin. Motar farko ya kife ta a kwana, samarin suka yi dariya. Bai kula su ba. Ya gyara zama, ya ɗora tafin hannu a tsakiya ya danna, ham ya cika zauren, ya shiga ratsa motoci yana kwanto da kafaɗa a kowace kwana yadda na san shi. Yaron da ya ce ba ya tashi shi ne ya fara ihun, "Dama! Dama, Direba!"

Malam Nasidi ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce shi bai ga caca a nan ba, amma kada ya ji an sa ko kwabo a kai, kuma in an kira salla a kashe. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da cewa a rage wa ham ɗin murya, don jikarsa ba ta barci.

Da suka tafi na leƙo. Idonsa na kan hanya, ya ce, "Wanga sitiyari naki yana ja hagu."

Na ce, "Kai da ka iya sai ka gyara."

"Zan gyara. Ki bar shi nan zaure, 'yan tasha na zuwa. Kuma in Misbahu ya shigo, shi aika Zurmi a ce wa Yaya Gado kada ya ɓata man motarsa."

Na juya da sauri don kada ya ga fuskata. Ban kai murhu ba na ji ya danna, gajere-gajere sannan dogo. Na share ido da bakin mayafi, na hura wuta na ɗora ruwan wanka.