Kastoman Inna Rakiya

Ƙarfe shida da minti goma Gideon ya taka birki a Kakau, ƙamshin ya riga ma'aikata shigowa motar. Bai juya ba. Ya san inda Inna Rakiya take: ƙarƙashin mangwaron nan, gefen teburin mai shayi, kaskonta a kan murhu, farin cukun nonon shanu yana yin ja a cikin mai.

Shekara goma sha ɗaya yana jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin robobi da ke Kudenda. Shekara goma sha ɗaya kuma Inna Rakiya, Bafillatanar da ke suya a bakin titin, tana ajiye masa na kaskon farko. Guda takwas, yaji a gefe, gyara ɗaya a sama, a ƙulle cikin takarda a ƙarƙashin faifai.

Yau kwana hamsin da shida rabonsa da ƙullin nan.

A watan Yuni ne Sista Diana, nas ɗin kamfani, ta ɗora shi a sikeli ta ga kilo ɗari da takwas, ta auna jininsa sau biyu, ta cire tabarau. Ta ce ba za ta sa hannu mutum ya ɗauki rayuka talatin a mota da irin wannan hawan jini ba. Ta ba shi sati takwas. Ko ya sauko ɗari da biyu jinin ya kwanta, ko a mayar da shi wankin motoci a garejin kamfani. Ta hana shi soye-soye da gishiri, ta ambaci cuku da sunansa, don har ofishinta labarin ya kai. Tun daga ranar aka haɗa shi da Shekari, direban wucin gadi, wai ya koyi hanya ko da ta ƙi. Yau ne ranar awo, ƙarfe goma sha ɗaya.

"Oga, minti biyu," in ji Shekari, ya dira daga kujerar gefe.

Shekarunsa talatin da huɗu, dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe. Gideon ya sha ganinsa ya tashi da malmala uku ta tuwo a kantin kamfani ya ɗora da doya, belet ɗinsa kuma yana nan a ramin da yake. Shi kuwa Gideon, sati takwas Celina matarsa tana cika masa kwano da gwaten acca mara mai da yankakken kokwamba. Da yamma yana zagaya filin makarantar unguwarsu sau biyar, maƙwabta suna tambaya ko wani abu ya ɓata masa.

Ta madubin gefe ya ga Shekari ya tsaya sayen burodi wajen mai shayi. Inna Rakiya ta hango shi, ta ɗaga matsami.

"Kastomana! Naka na nan, kada ya huce!"

Ba yau ta fara kiran Shekari haka ba. Amma yau Gideon ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya sauka.

Ta kalle shi daga sama har ƙasa kafin ta gane.

"Direba? Kai ne a cikin rigar nan? Ciwo ka yi?"

"Lafiyata ƙalau. Ina kwana. Juye mini."

"Nawa?"

"Duka."

Ta kalli tiren. Damina ce, nono ya wadata, cukun ya yi tsibi.

"Duka fa ka ce."

"Duka. Har da wancan na ƙarƙashin faifai."

Ta ɗora tafin hannu a kan faifan.

"Wannan da mai shi."

"Wane mai shi? Yaushe ya fara bin hanyar nan? Ni ne na kawo shi."

"Kai ka kawo shi, shi ya sauko." Ta ci gaba da juye sauran a leda ba tare da ta ɗago ba. "Sati biyu ina ƙulla naka. Ka tsaya can, ka miƙe wuya kana kallon gaba kamar soja. Wani Alhaji mai babbar mota ya ga ƙullin ya ce zai ninka, na ce da mai shi. Rana ta yi, in kai gida jikoki su cinye. Kwana goma sha huɗu, Direba. Ko hannu ba ka ɗaga mini ba."

"An hana ni ne."

"An hana ka gaisuwa?"

Shekari ya iso da burodi a hammata, ya rusuna ya ce, "Inna, an tashi lafiya? Ya shanu?" Ta ɗaga faifan ta miƙa masa ƙullin. Gideon ya ga gyaran ta gefen takarda, ɗan ƙarami mai ƙone-ƙone a baki, irin wanda ya fi so.

Ya biya, ya koma mota da leda mai nauyi. Ya sayi duk cukun Kakau in ban da wanda ya sauka dominsa.

Ma'aikata sun cika kujeru. Tony na sashen injin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya dawo daga wajen Inna hannu wofi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Jama'a ku zo ku gani! Baba Direba ya kwashe kasuwa. Yau ko sikeli ya fashe ko Sista ta suma."

"Shiga ka zauna," in ji Gideon.

"Ai shi ke nan. Shekari, fara gyara madubi daidai tsawonka."

Motar ta ɗauki dariya. Shekari bai yi ba, bai kuma hana ba. Ya kwance ƙullinsa a kan cinya, ya dangwali yaji.

Gideon ya ajiye ledar kusa da sandar giya ya ja mota. An yi yayyafi da asuba, don haka tagogi a rufe suke, ƙamshin ba shi da wajen fita. Yana jin ƙarar ɓawon a haƙoran Shekari, sai kuma shiru lokacin da ya kai tsakiya mai laushi. Ya san wannan shirun. Ya ƙirga ba da son ransa ba: na ɗaya, na biyu, na uku.

A Gonin Gora suka tarar da cunkoso, wata tirela ta mutu a tsakiyar titi. Minti ashirin suna tsaye. Bai san lokacin da hannunsa ya bar kan giya ya shiga ledar ba. Sai dai ya ji ɗumi a yatsunsa, da maiƙo. Ya fito da guda ɗaya, ya riƙe shi ƙasa da sitiyari inda na baya ba za su gani ba. Tun jiya da rana bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa.

Shekari ya gani.

"Oga, ci mana," ya ce a hankali. "Guda ɗaya ba zai hau sikeli ba."

Gideon ya dube shi. Babu komai a fuskar sai tausayi da ɗan yaji a gefen baki. Wannan ne ya fi ba shi haushi. A ransa ya hango shi a kujerar direba ranar Litinin, ya matso da ita gaba, ya cire ƙaramin gicciyen da Celina ta rataya a madubi, ya tsaya a Kakau an miƙo masa ƙulli ta taga.

"Haka kake so ko?"

"Ni? Me na ce?"

Gideon ya mayar da cukun, ya ɗaga ledar ya miƙa baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Ku raba. Tony kada ya wuce biyu."

Aka yi ta sa masa albarka har suka hau baifas. Ya goge yatsunsa da tsumman mota sau uku. Ƙamshin bai fita ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata yana kan bencin asibitin kamfani. Da aka kira shi, ya cire takalmi, ya cire belet, ya ajiye waya da makullai da agogo a kan tebur. Ya fara kwance maɓallin riga.

"Baba, ya isa," in ji Sista Diana. "Nan ba rafi ba ne."

Ya hau, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Lambobin suka yi ta rawa, suka tsaya. Ɗari da ɗaya da ɗigo shida.

Ta ɗaura masa abin awon jini, ta ce ya daina magana, duk da ba maganar yake yi ba. Ta auna, ta jira, ta sake aunawa. Ta rubuta.

"Ya sauko. Bai kai inda nake so ba, amma ya sauko. Zan sa hannu."

Ya sauke numfashi.

"Kada ka yi murna da yawa. Duk ƙarshen wata za ka dawo nan. Kafin Kirsimeti ina son in ga casa'in da biyar. Ka koma ɗari da biyu, takardar nan ta mutu."

"Sista, cukun fa?"

"Wane irin wari nake ji a hannunka?"

"Ɗauka na yi. Ban ci ba."

Ta kalle shi ta saman tabarau.

"Guda biyu. Sau ɗaya a wata. Kuma bayan ka sauka daga sikelina, ba kafin ba."

Da azahar Oga Ben, shugaban sashen motoci, ya kira su biyun. Gideon zai ci gaba da bas. Shekari zai koma babbar motar kai kaya Zariya, tashi daga gareji ƙarfe bakwai da rabi kowace safiya, daga gobe.

A waje Shekari ya miƙa hannu sama ya yi miƙa.

"Na gode wa Allah. Oga, ban san yadda kake yi ba. Tashin ƙarfe huɗu, ga surutun Tony. Da an ba ni bas ɗin nan da na rame."

"Ina za ka rame ka je?"

Shekari ya yi dariya, sai kuma ya yi tsaki.

"Cukun Inna kawai zan yi kewa. Hanyar Zariya ba ta bi ta Kakau. Abeg, don Allah ka faɗa mata, kada ta yi ta ajiyewa."

Gideon ya ce to. Ya zauna a inuwar bas ya buɗe kwanon Celina. Kokwamban ya saki ruwa a cikin gwaten. Ya cinye tas. Sati takwas yana tsammanin mutumin nan kujerarsa yake hari, ashe ko so ba ya yi. Ya rasa dalilin da ya sa hakan bai yi masa daɗi ba.

Ƙarfe shida na yamma ya sauke na ƙarshe a Kakau. Inna Rakiya ta dawo da suyar yamma, ta matso da murhu jikin bishiya saboda hadari. Tony ne ya fara sauka, tun daga matakala yake ɗaga murya.

"Inna, albishirinki! An kai Shekari Zariya. Daga gobe ni ne magaji. Na kaskon farko, a sa mini a ƙarƙashin faifai, gyara biyu don ni ina da baki!"

Gideon ya kashe mota. Bai yi sauri ba, amma ya isa kafin ta ba da amsa.

"Ina wuni, Inna. Ya shanu?"

"Lafiya lau, Direba. An ce ka ci jarrabawa."

"Na ci. Gobe ki ajiye mini."

"Haba Baba!" in ji Tony. "Kai da aka hana?"

"Da kai nake magana?"

Inna Rakiya ta juya cukun da ke kasko ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ba na son a ce cukuna ya kwantar da mutum."

"Wa ya ce miki ci zan yi? Motar Shekari ba ta tashi sai bakwai da rabi. Ina isa gareji kafin nan."

"To shi zai ci."

"Shi zai ci."

"Kai kuma ka saya."

"Ni zan saya."

Ta ajiye matsamin, ta kalle shi sosai.

"To wane ne kastoman?"

"Wanda ya sauko ya gaishe ki."

Tony ya tafa hannu ya ce wannan ba ciniki ba ne, mulkin mallaka ne, ya sayi guda huɗu daga tire ya wuce yana mita. Inna Rakiya ta ɗauko faifan ta kaɗe shi, ta kife a inda yake zama.

"Takwas?"

"Takwas."

"Gyaran fa?"

Ya kalli kaskon. Akwai wani ƙarami a gefe, bakinsa ya fara ƙonewa.

"Shi ma ki sa. Amma a hannuna za ki ba da ƙullin."

Ya koma mota ya tayar. Daga Kakau zuwa Kudenda minti talatin da biyar ne in babu cunkoso, daga gobe kuma kwana shida a sati zai yi tafiyar, ƙullin da zafinsa a gefen giya. An fara yayyafi. Ya sauke gilashin tagarsa har ƙasa, ya hau titi.