Mushen Jakin Na'Allah

Bube manomin albasa ne a Fakku, kuma shekara biyu tsutsa na cinye masa fadama. Ranar wata Asabar ƙanensa Mujtaba, mai koyar da ƙere-ƙere a Tambuwal, ya iso kan babur da wasu na'urori biyu masu ƙafafu, kowace ba ta wuce kunkuru ba.

"Yaya, waɗanga za su tsince maka tsutsa," in ji Mujtaba. "Kuma suna haihuwa. Ka zuba musu gwangwani da tsohuwar waya, su ƙera ɗa da kansu, su sake mai jiki yadda zai fi su aiki."

Haka kuwa aka yi. Kafin wata biyu sun zama tara. Iyayen ƙafa huɗu gare su, jikokin suka fito da shida, da dogon baki irin na zalɓe. Albasa ta yi kyau. Tarkacen ƙarfe ya ƙare, Bube bai ko lura ba.

Wata rana da hantsi ya shigo fadama, ɗoyi ya tare shi. Jakin maƙwabcinsa Na'Allah ne ya mutu kwana huɗu da suka wuce, aka ja shi bakin kwazazzabo aka yar. Can ya iske na'urorin sun yi cincirindo kan mushen, suna yanka suna ja. Sai ga wata sabuwa ta rarrafo daga cikin jakin. Haƙarƙari ne ƙafafunta, an ɗaure da jijiya, ga fata mai gashi a bayanta, ƙudaje na binta. Ta ratsa fangalin albasa tana ɗigar da ruwan ruɓa kan ganye. Bube ya durƙusa ya yi ta amai.

Ya buga wa Mujtaba waya. Da azahar ya iso, ya toshe hanci yana ɗaukar hoto.

"Ikon Allah! Yaya, ba ni na koya musu wanga ba. Da kansu sunka gano!"

"Murna kake yi?" Bube ya tuge albasa ɗaya daga inda abar ta bi, ya miƙa masa. "Ungo. Kai wa matarka ta sa maka a miya."

Mujtaba ya ja da baya, bai karɓa ba.

Bube ya kwashe na'urorin da shebur zuwa rami, ya jibga kara, ya cinna wuta. Kafin ya cinna, Mujtaba ya roƙi a bar masa ɗaya cikin iyayen, Bube ya ce sai an wanke ta da toka kafin ta hau babur. Fangali shida da abar ta taka ya tuge ya binne.

Da yamma matarsa Kulu ta kawo tuwo da nama a kai. Ya buɗe, ya rufe, ya ce ta dama masa fura.