Kiɗan da Ya Watsa Kasuwar Gazawa

Dutse na farko a kan kwanon rufi ya sauka, amma Hamdiya ba ta ji shi ba, don kunnuwanta na rufe da abin sauraro, idonta a lumshe. Sai da Malam Sale, darektan ɗan gidan rediyon garin, ya banko ƙofa da hula a karkace, ya fizge abin daga kanta, sannan hayaniyar waje ta iso gare ta.

"Mi kika saka ma mutane?"

"Kiɗa ne, Malam."

"Kiɗa? Ina ganga? Ina mai waƙa? Kashe shi."

Ta ja maɓalli ƙasa, sautin ya mutu. Ta leƙa ta taga, ta ga rabin kasuwar Gazawa tsaye a ƙofar gida, mahauta a gaba, ƴan kabu-kabu a baya kan baburansu suna ta hura ƙaho.

Ba komai ya jawo haka ba sai malamin gona da aka gayyata ya zo ya yi bayanin tsutsar gero, ya ƙi zuwa. Fili ya samu, darekta ba ya nan, Hamdiya mai gabatar da shirin ta ciro ɗan katin kiɗan da ya daɗe a ƙullin zanenta ta saka. Aikin yayanta ne, Bilyaminu. A da, daga Gangara har Agye, bikin da ba a kira shi da fiyanonsa ba sai a ce an yi rowa. Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi, aka yi masa aiki a Maraɗi, ya dawo da ransa amma ba murya, sai raɗa. Masu biki kuwa ba kiɗa suke nema ba, sunansu suke so a kira a tsakiyar taro. Da bakin kiran ya rufe, kowa ya kama gabansa, har waɗanda suka ci arziki a inuwarsa.

Bilyaminu ya shige ɗaki da fiyanonsa, ya shekara yana haɗa wani abu da ba shi da ganga, ba shi da kalma. Ranar da ya fara sa mata, dariya ta yi, ta zaci na'urar ce ta samu matsala. A ji na uku ta gane akwai wani sauti mai kauri a ƙasa wanda ba ya motsi, wasu sirara suna zuwa su ratsa ta kansa su wuce, kamar iska a bakin tulu. A ji na biyar kuka ta yi, don ta ji yayanta yana magana karon farko tun bayan aikin. Ta yi masa alkawari wata rana gari zai ji. Yau da ta saka, sai da ta aika masa saƙo ya kunna rediyo.

Abin da ta manta shi ne halin mutanenta. Ba-Gazawe ya ga jiya ya ga yau: in rediyo ta kame bakinta ta saki kiɗa mai tsawo ba magana, to wani abu ya faru a Yamai, babban birnin ƙasa. Mai shayi ya ce soja ne suka sake motsawa. Kafin maganar ta kai rumfar ƴan hatsi ta zama za a rufe iyaka kafin azahar. Fataken da suka ƙetaro daga kudu suka ɗaure kaya, wasu ko ciniki ba su ƙarasa ba, suka hau motoci. Kasuwa ta watse tun rana ba ta yi tsaka ba. Da aka kira Maraɗi aka ji lafiya lau, tsoro ya koma fushi, fushin kuma ya san hanyar gidan rediyo.

Habsatu mai tumatir ce ta fara kutsowa har ɗakin, da kwando a hannu. Ta kife shi a gaban Hamdiya, jajayen tumatir da aka tattake suka malale a siminti.

"Ga shi nan, ki sha. Ɗiyar wa ce ke da za ki kunna muna kukan aljanu ranar kasuwa? Wa ya mutu? Hwaɗi mani wanda ya mutu."

"Ba wanda ya mutu, Inna."

"To, don ubanki kika sa?"

Malam Sale ya lallaba ta ta fita, ya rufe ƙofa, ya jingina da ita yana haki. Mutum ne da bai taɓa yin faɗa da kowa ba, saboda kullum yakan sami wanda zai miƙa a madadinsa.

"Buɗe makirfo," ya ce. "Ki ce da su inji ne ya lalace, ƙararsa ce suka ji. Ki ba su haƙuri. In kin yi haka, gobe ki dawo aikinki. In kin ƙi, ni ban san ki ba, jandarma ma in sun zo ke za su tahi da ke."

"Ba ƙarar inji ba ce, Malam. Mutum ya yi shi."

"To ki hwaɗi sunan mutumin, su tahi gidansa su bar mani rufina."

Wani dutsen ya sake sauka. Hamdiya ta zauna. Aikin nan da shi ake cefane a gidansu tun da biki ya ƙare wa Bilyaminu. Amma ta san yana can zaune a bakin gado da rediyo a cinya. In ta ce inji ne, da kunnensa zai ji ƙanwarsa ta kira aikin shekararsa lalacewa. In ta kira sunansa, mahautan nan sun san gidan, fiyanon kuwa sanda ɗaya ta ishe shi. Haushin garin duka ya cika mata ciki.

Ta buɗe makirfo.

"Jama'ar Gazawa, Hamdiya ce. Ba a yi juyin mulki ba, ba a rufe iyaka ba, ba wanda ya rasu. Wanda ya yi asara ya yafe mani. Amma inji lafiyarsa lau. Abin da kuka ji kiɗa ne, mai kyau kuwa. Ni na zaɓe shi, ni na saka, da hankalina."

Malam Sale ya zare wayar wuta daga bango. Ya miƙa mata jakarta ba tare da ya dube ta ba, ya buɗe ƙofa.

Ta fito cikin zagi. Wani ya ce a kai ta a yi mata ruƙiyya, wata ta tofa yawu kusa da ƙafarta. Tana neman inda za ta ratsa sai ta hango shi. Bilyaminu ne, ko takalmi bai tsaya sawa ba, yana ture mutane har ya iso kan dakali. Ya juya ya fuskanci taron, ya ɗaga hannu, ya bugi ƙirjinsa, ya nuna eriyar da ke sama, ya sake bugun ƙirji. Bakinsa na motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma ƙahon kabu-kabu ɗaya ya fi shi ƙarfi.

Taron ya ɗan lafa don tausayi.

"Allah sarki, Bilya," in ji Habsatu. "Kai da ka san kiɗa na gaskiya, ka ji abin da ƙanwarka ta yi muna? Yi haƙuri, ba laihinka ba ne. Ɗauke ta ku tahi gida."

Aka buɗe musu hanya, har wani mahauci yana dafa kafaɗarsa. Suka bi ta bayan kasuwa, ta cikin rumfunan da ba kowa. Hamdiya tana jira ya riƙe hannunta, ko ya gyaɗa mata kai. Sai da suka kai kwanar gida ya tsaya, ya sunkuyo daf da kunnenta yadda ya saba in yana so a ji shi.

"Duk garin na saurare," ya raɗa. "Mi ya hana ki hwaɗi sunana?"