Ba Irin Hannun Gidanmu Ba

Yatsu uku ne suka yi wa Tahira tawaye: babban yatsa, manuniya da na tsakiya. Tun shigarta aji uku na sakandare suke mutuwa, su yi ta tsikararta kamar ƙaya, har biro ya suɓuce. Ƙaramin yatsa kuwa ko a jikinsa.

Inna Hure, mahaifiyarta, ba ta sha wahalar gano cutar ba.

"Boko ne! Yarinya ta wuni riƙe da biro, hannu bai san aiki ba. Mu dai a gidanmu ba a taɓa irin wannan hannun ba."

Ta kulle littattafan a adaka, ta ƙulle makullin a bakin zani, ta jawo mata buhun gyaɗa. Ranar da hannu ya warke, ranar za a buɗe.

Tahira ta yi ta ɓara, ido na kan adaka. Jarrabawa tana matsowa, hannu yana ƙara lalacewa, har naman gindin babban yatsan ya lotsa. Da mahaifinta Malam Muntaka ya gani, sai ya sa ta ita da Inna a motar Minjibir zuwa Kano.

Likita ya ƙwanƙwasa wuyan hannun, Tahira ta zabura. Bayan an yi hoto ya ce, "Akwai wata 'yar hanya a nan, ƙashi a ƙasa, tauri a sama. Jijiyar yatsun nan ta ciki take bi. Ta Tahira tun halitta a matse take, shi ne jijiyar ta shaƙe. Wane aiki take yi?"

"Magani muke mata, likita. Ɓarar gyaɗa," in ji Inna.

Likita ya ce, "To a dakatar da maganin. Abin yakan bi jini. Akwai mai irinsa a gida?"

"Allah ya kiyaye," in ji Inna, tana yarfe hannunta na dama kamar yadda ta saba.

"Hajiya, me ya sami naki?"

"Wannan? Sanyi ne kawai. Haka Innata ma take."

Ya ƙwanƙwasa nata. Inna ta saki salati.

Su biyu suka dawo da ɗauri a wuyan hannu. Ƙullin bakin zanin ya gagari yatsun Inna, sai da Tahira ta sa haƙori. Tana ciki tana kakkaɓe littattafanta ta jiyo Inna ta kan katanga tana ba maƙwabciya labari.

"Ai na sha faɗa. Duk cikin 'ya'yan nan ita kaɗai ta ɗauko hannuna."