Ƙaron Ammu Bayyumi

Wata takwas da shanyewar jikin Usta Fahim mai gyaran kamanja, wato gogen Turawa, ba wanda ya bar wa 'yarsa Insaf ko ɗaya ta gyara. Makaɗan titin Muhammad Ali sukan leƙo su gaishe da tsohon a kujerarsa, su sha shayi, su fita da kayansu a hammata kamar yadda suka shigo. Su a ganinsu mace mai shekara arba'in da huɗu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki, ba ta da abin da za ta gaya wa itace.

Ita kuwa koyo take yi, kuma koyo mai wuya, don malaminta ba baki, ba hannun dama. Takan ɗauko tsofaffin kamanjojin da ke rataye a shagon ta kwance ta ɗaura. Ta koyi feƙe jaki, wannan ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Ta koyi zura ɗan ginshiƙin ciki ta tsagar gefe, ya faɗi sau ashirin kafin ya tsaya sau ɗaya. In ta yi daidai tsohon ya lumshe ido, in ta ɓata ya kau da kai. Wani yinin har magariba ba ta jin muryar kowa sai ta mai tallar wake da ta rediyon maƙwabta. Kaɗaici yana damunta, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ran wata Talata sai ga Ammu Bayyumi, tsohon makaɗin bukukuwa, wanda in ya yabi mai gyara to duk titin ya yaba. Ya ajiye akwatinsa a kan tebur.

"Ginshiƙin ya faɗi, ji yadda yake yawo a ciki kamar ƙwallon dabino. Asabar ina da biki a Shubra. Za ki iya, ko in yi gaba?"

"Zan iya, Ammu."

"Haka kowa yake cewa. To, saboda ubanki na kawo. Usta, kana ji? Na ba tela kamanjata, in ta yi mata aljihu kai za ka biya."

Kwana biyu ta yi a kanta. Ta fitar da ginshiƙin, ta ga ƙafarsa ta cinye, ta feƙe sabo, ta tsayar da shi a bayan ƙafar jaki, tana matsar da shi kaɗan kaɗan tana ja da baka har sautin ya buɗe. Tsohon ya lumshe ido ya daɗe bai buɗe ba. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Da ta tsaya nan da an wuce wurin. Amma a fuskar kamanjar, ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai farin ƙaro da ya taru ya daskare, garin da ke zuba daga izgar baka shekara da shekaru. Tela ba ta mayar wa mutum riga da datti. Bayan azahar, tsohon yana barci, ta samo tsumma da mai, ta bi shi a hankali ta goge tas, har jan itacen ya fito yana ƙyalli.

Ran Juma'a Ammu Bayyumi ya buɗe akwatin ya ƙura wa kamanjar ido.

"Ina ƙarona?"

"Na goge, Ammu. Yana cin fenti."

"Kin goge." Ya shafa wurin da ɗan yatsa. "Wannan tun bikin farko da na yi kiɗa yake taruwa, 'yata. Mu ba ma taɓa shi. Ubanki shekara talatin yana karɓar kamanjar nan, ko hura shi bai taɓa yi ba."

Ta juya wajen uban. Idonsa na kan kamanjar, bakinsa na motsi, ba abin da ya fito.

Ammu Bayyumi ya ɗora ta a kafaɗa ya ja baka. Sautin ya cika shagon, har mai gyaran ganguna na gefe ya leƙo. Ko kurma ya san ta fi yadda take a da.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce, yana rufe akwatin. "Sai dai ban san ta ba."

Bai yi faɗa ba, bai kuma ɓata ta wurin kowa ba. Makaɗa suka tambaye shi ya ce Allah ya ba Usta lafiya, su kuma suka gane. Da zagi ya yi mata da ta samu abin amsawa.

Bayan wata guda tana feƙe wani jakin da ba mai shi, ta hango Ammu Bayyumi tafe da akwatinsa. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. Kafin ya iso ƙofar sai ya tsallaka ɗaya gefen titin, daga can ya ɗaga hannu yana gaishe da tsohon abokinsa. Usta Fahim ya gan shi, ya yi ta ƙoƙari, hannun ya ƙi tashi. Insaf ta ajiye wuƙar, ta kama hannun ubanta ta ɗaga masa, ta riƙe shi a sama har Ammu Bayyumi ya sha kwana.